Zuwa ga 'Yan Makarantar Adar: Kada Ku Guji Shimi

Ya ku ƙannena 'yan lise da ɗaliban jami'a na Tawa, da na Abalak, Keita, Cintabaraden da ƙauyukan da ke tsakani, ina so mu yi magana a kan darasin da mafi yawanku kuke wa kallon dodo, wato kimiyyar haɗa sinadarai, shimi kamar yadda kuke ce mata a aji. Na san abin da ake faɗa a fada in an ɗora shayi. Wai shimi haddar alamomi ce kawai, ba ta kai mutum ko'ina, gara ya karanci shari'a ko harkar kuɗi ya samu kujera, in kuma abin ya ƙi ya rataya jaka ya nufi Abijan ko Libiya kamar yadda yayyensa suka yi. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ba, gidaje da yawa a Adar da kuɗin 'yan bida ake cika musu rumbu. Amma akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da ido ba ya gani, wanda ke da hannu a cikin masassarar da ke kwantar da ƙannenku kowace damina da cutar da ke ramar da raƙuman iyayenku, kuma da yawa daga abin da duniya ta sani a kansa masu shimi ne suka tono shi. Ina so ku san labarinsa kafin ku yanke shawara a kan makomarku.

Jikin mutum, da na raƙumi, da na ƙwayar cutar da sauro ke zubawa cikin jini, duka an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da fata mai taushi ta maiƙo. A bayan wannan fata akwai furotin iri-iri da ke aiki dare da rana: wasu suna karɓar saƙo, wasu suna kare ƙwayar, wasu suna manna ta ga 'yar'uwarta. Me ke riƙe da su har jini bai kwashe su ya tafi da su ba? Wasu sun ratsa fatar ne sun kafu a ciki. Wasu kuwa ɗaure suke kamar akuya a turke. Turken maiƙo ne kafe a cikin fatar, igiyar kuma 'yar gajeriyar sarƙa ce ta sukari, a bakinta aka ɗaura furotin ɗin. Masana suna kiran wannan turke da igiyarsa GPI. In kun bi shi daga ƙasa, za ku tarar da maiƙo, sai fosfat, sai wani zobe da ake kira inositol, sai gulukosamin, sai sukarin manos guda uku a jere, sai wani fosfat ɗin da etanolamin, sannan furotin. A jikin ɗan Adam akwai furotin kusan 150 da ke tsaye a kan irin wannan turke. Akwai ma wata cutar jini da ba ta cika yawa ba, wadda mai ita yakan yi fitsari baƙi-baƙi da safe. A 1993 tawagar Taroh Kinoshita a Osaka ta Japan ta nuna cewa asalinta lalacewar ƙwayar gado guda ce da ke fara ginin turken, sai jajayen ƙwayoyin jini su rasa masu kare su, garkuwar jiki ta riƙa farfasa su.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, ba a jikin mutum aka fara gane siffar wannan turke ba. A jikin ƙwayar sammore aka gane ta. Makiyayanmu da ke gangarawa kudu da shanu inda ƙudan tsando yake sun san sammore sarai, masu raƙuma a arewacin Adar da Azawak kuma sun san 'yar'uwarta da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa a bakin tafki bayan damina. Ku je kasuwar dabbobi ku duba raƙumin da ta kama: tozo ya zube, haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa, ido ya yi fari yana zubar da hawaye, taguwa ta yi ɓari, mai ita yana tsaye dillali yana taya masa rabin kuɗi. Wannan ƙwayar cuta tana sanye da riga ta furotin iri ɗaya, guda kusan miliyan 10 a jikin ƙwaya ɗaya, kowanne a kan turkensa na GPI. Da zarar garkuwar jikin dabba ta gane rigar ta fara kai hari, sai wasu daga cikin ƙwayoyin su sauya wata rigar, don suna da ƙwayoyin gado fiye da 1,000 na riguna daban-daban. Shi ya sa har yau babu allurar rigakafin sammore. A 1988 Michael Ferguson da abokan aikinsa a Oksfod ta Ingila suka fitar da cikakkiyar siffar turken da ke riƙe da wannan riga. A 1991 wasu Japanawa biyu, Murakata da Ogawa, suka gina shi da hannunsu a ɗakin gwaje-gwaje, daga sinadaran da ke cikin kwalabe, ba tare da ƙwayar cuta ko ɗaya ba.

Kuna iya tambaya, tunda abin yana nan a jikin ƙwayar cuta, me ya sa za a wahala wajen gina shi? Dalili biyu ne. Na farko, abin da ake iya tatsowa daga halitta ɗan mitsitsi ne, kuma gauraye yake, wani da ƙarin sukari, wani da maiƙo na dabam, ga gurɓata da ke maƙalewa. In ka gwada irin wannan gaurayen ka ga ya tayar da zazzaɓi, ba ka da tabbacin wane ne ya yi aikin. Na biyu, kuma shi ne zuciyar wannan nasiha tawa: a shimi ba a yarda ka san abu ba sai ka gina shi, an ajiye naka kusa da na asali, an auna, an ga babu bambanci. Wanda ya haddace siffa ya zana a takardar jarrabawa ya samu maki. Wanda ya gina ta shi ke iya sauya mata gefe ɗaya ya ga abin da zai faru, shi ke iya yin ta da yawa, shi kuma ake zuwa wurinsa da kuɗi a hannu.

Ginin kuwa ba wasa ba ne. Sukarin da kuke zubawa a shayi, ƙwayoyi biyu ne kacal a haɗe, gulukos da furuktos, amma sai a 1953 Raymond Lemieux da abokin aikinsa suka iya haɗa shi a Kanada. Matsalar ita ce, ƙwayar gulukos tana da gurabe biyar da wata ƙwaya za ta iya kamawa, inositol yana da shida, kuma duk sun yi kama da juna. Kai kuwa gurbi guda kake so. Dole ka toshe sauran da wasu sinadarai, ka bar ɗaya a buɗe, ka yi haɗin, ka buɗe na gaba, a ƙarshe ka cire dukkan abubuwan toshiyar ba tare da ka tsinka abin da ka gina ba. Ko a gurbin da ka zaɓa, haɗin yana iya fuskantar sama ko ƙasa, kuma jiki yana bambance su. Na sama abu ne dabam, na ƙasa abu ne dabam. Ga shi kuma rabin turken yana son ruwa, rabi yana ƙinsa, don haka ko narkar da shi aiki ne.

Ku kwatanta ranar mai wannan aiki. Tun daren jiya ya sa kwalabensa a tanda, saboda ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata haɗin. Da safe ya auna farin gari da bai cika ƙaramin cokali ba, wanda ya shafe wata guda yana shiryawa. Ya sanyaya kwalbar har digiri 40 ko 78 ƙasa da sifili, ya ɗiga sinadarin da zai tayar da haɗin, ya jira. Can ya tsoma siririn tsinken gilashi, ya ɗiga a kan 'yar farar faranti, ya gasa ta, ya ƙura ido ya ga ko sabon tabo ya fito. In ya fito, sai ya zuba abin a dogon bututun gilashi cike da farin gari, ya zauna yana tarar ruwan da ke ɗigowa kwalba bayan kwalba har yamma. Wannan mataki ɗaya ke nan, kuma ginin GPI yana cin matakai gommai. Yanzu ku ɗauki kalkuleta. In a kowane mataki kana tsira da kashi 90 cikin 100, bayan matakai 30 abin da zai rage maka kusan kashi 4 ne kawai. In hannunka ya ɗan yi sakaci kana tsira da kashi 80, bayan matakai 30 ɗin nan kusan ɗaya cikin 1,000 za ka tarar. Tsakanin gwani da mai ganganci kashi 10 ne kawai a kowace rana, amma a ƙarshen shekara ɗaya yana da abin nunawa, ɗaya kwalbarsa wayam. Wannan lissafi kaɗai ya isa ku gane me ya sa malamin shimi yake matsa muku a kan wanke kwalba da karanta ma'auni daidai.

Cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage akwai baƙar fata ɗan Jamaika, Bert Fraser-Reid, wanda aka haifa a 1934. Ya yi digirinsa na uku a 1964 a hannun Lemieux ɗin nan, ya koyar a Jami'ar Duke ta Amurka, a 1995 ya gina turken wani furotin na ƙwaƙwalwar ɓera, a 1996 kuma ya kafa cibiyar bincike tasa domin cututtukan ƙasashe masu zafi. A 2004 tawagarsa ta gina turken ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. Ya rasu a 2020. Na ambace shi ne don ya fito daga ƙaramin tsibiri da ba a san shi da manyan ɗakunan bincike ba, kuma da ya kai inda ya kai bai manta da ciwon irin mutanensa ba.

Batun zazzaɓin nan shi ya fi kusa da mu. Daga Agusta zuwa Oktoba kun san yadda asibitocinmu suke cika, uwa ta goyo yaro jiki kamar wuta, yana sanƙarewa, ido ya juye. A 1993 Louis Schofield ya nuna cewa GPI na ƙwayar cutar yana aiki kamar guba: in jajayen ƙwayoyin jini suka fashe ya bazu, sai garkuwar jiki ta harzuƙa fiye da kima, zafin jiki ya hau. Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya, aka buga a 2000, ya gano cewa manya a yankin sauro suna da garkuwa mai yawa a kan wannan guba, ƙananan yara kuwa kaɗan. Sai tunani ya zo: me zai hana a koya wa jikin yaro gane gubar tun kafin ta zo? A 2002 Schofield da Peter Seeberger suka gina sarƙar sukarin a ɗakin gwaje-gwaje, suka ɗaura ta a kan wani furotin, suka yi wa ɓeraye allura. Yawancin ɓerayen sun tsira daga ciwon ƙwaƙwalwar da ya kashe waɗanda ba a yi wa ba. Sai dai allurar ba ta kashe ƙwayar cutar kanta, kuma yau fiye da shekara 20 ke nan ba ta zama allurar da ake yi wa yara ba. Dole in faɗa muku wannan, don kada ku shiga kimiyya da tunanin kowane gwaji yana ƙarewa da biki. Allurar da Nijar ta fara yi wa yara a Gaya cikin Satumban 2024 ta wata hanya ce dabam, ko da yake furotin ɗin da aka kwaikwaya a cikinta shi ma a jikin ƙwayar cutar a kan turken GPI yake tsaye.

Masana ba su tsaya a turke da igiya ba, sun ci gaba har ɗaura abin da ake ɗaurawa. A 2004 tawagar Zhongwu Guo a Amurka ta haɗa gangar jikin CD52, wani ɗan guntun furotin mai tubali 12 da ke ɗauke da reshen sukari nasa, a kan turkensa. A 2008 tawagar Seeberger ta ɗaura furotin, irin wanda ke haddasa ciwon haukar shanu in ya lanƙwashe ba daidai ba, a kan turken da aka gina da hannu.

Kada ku ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi. Kuba tana cikin takunkumin Amurka lokacin da Vicente Vérez Bencomo na Jami'ar Habana, tare da René Roy na Kanada, suka gina sarƙar sukarin wata ƙwayar cuta da ke jawo wa jarirai sanƙarau da ciwon huhu, suka mai da ita allurar rigakafi. An buga aikin a 2004, kuma ita ce allura ta farko a duniya da aka yi da sukarin da mutum ya gina. Mu ma mun ci moriyar irin wannan ilimi. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 250,000 a yankinmu na Afirka, ya kashe kusan 25,000. A ƙarshen 2010 aka fara babban gangamin allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, kuma nau'in sanƙarau na A ya kusan ɓacewa. Sirrin allurar shi ne ɗaura sukarin bayan ƙwayar cutar a kan furotin, don jikin ƙaramin yaro ya riƙe shi ya daɗe bai manta ba. A birnin Pune na Indiya aka yi ta, a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba. Indiyawa suka haɗa, mu muka miƙa dantse. Alhamdu lillahi da ta zo. Amma a 2015, da nau'in C ya ɓarke a Nijar ya kama fiye da mutum 8,000 ya kashe fiye da 500, allura ta yi ƙaranci a duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin an ga jabun allurai suna yawo a ƙasar. Wanda zai buɗe kwalba ya auna ya ce wannan ta gaskiya ce, wannan ruwa ne, mai shimi ne. Nawa muke da su?

Ba sai an tsallaka teku ba kafin a ga misali. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Andrew Jonathan Nok ya shafe rayuwarsa a kan sammore, musamman wani sinadari da ƙwayar cutar ke amfani da shi tana aske sukarin da ke bayan jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke sa jinin dabba ya ƙare. Ya ci babbar kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2009, ya rasu a 2017. A Kaduna akwai cibiya sukutum ta binciken sammore. A Yamai akwai CERMES mai bin diddigin sanƙarau da zazzaɓi. Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa da ya sa Nijar a gaba wajen binciken hasken rana. Tamu ta Tawa kuwa sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi, wanda ya zauna ya rubuta tarihin Adar da kansa maimakon ya jira baƙo ya rubuta mana. Abin da ya yi wa tarihinmu shi nake so wasunku su yi wa cututtukanmu.

To me za ku yi tun yanzu, alhali wasu makarantun ko kwalbar gwaji ba su da ita? Da farko kada tsoron lissafi ya kore ku daga ajin kimiyya. Wanda kansa ke ja ya shiga seri C ko D, ya daure. Wannan magana da ku nake, 'yan mata, kamar yadda nake da samari. Carolyn Bertozzi, wadda ta ci kyautar Nobel a 2022, a kan sukarin bayan ƙwayoyin halitta ta gina sunanta. Ku riƙe Faransancinku da kyau, ku ƙara da karatun Ingilishi, don kusan duk sabon bincike da shi ake bugawa, kuma shi zai buɗe muku ƙofar Sakkwato da Zariya da ke nan kusa. Wayar da ke hannunku tana iya nuna muku yadda ake kowane gwajin da na ambata, in kun rage mata lokacin hira.

Ku kuma buɗe ido a kan abin da ke gabanku. Ƙaron da yara ke tsinkowa a jikin dakwara, wanda malaman allo ke sawa a tawada, sarƙoƙin sukari ne, wani sashensu a ɗaure da furotin, kuma wannan sashen ne ke sa mai da ruwa su zauna tare, shi ya sa kamfanonin lemo na duniya suke sayensa. Muna sayar da shi a buhu, su suna sayar da ilimin da ke cikinsa.

Abin da na fi jin tsoro a kanku kuwa shi ne satar amsa da gyaran lamba. Ɗalibin da ya saba leƙa takardar maƙwabcinsa, ko ya yi gwaji bai fito ba ya rubuta lambar da littafi ya ce, ya kashe kansa a wannan fanni tun bai fara ba. Kwalba ba ta san ɗan wane ba ne, ba ta karɓar roƙo. Ku sayi littafi guda mai kauri, ku riƙa rubuta kwanan wata, abin da kuka auna, abin da kuka gani, har da ranar da abin ya lalace, da biro, ba gogewa. In wata rana allurar da za a yi wa ɗan wani ta ratsa ta hannunku, wannan ɗabi'a ce kaɗai za ta tsaya tsakanin yaron da kabari, kuma Allah zai tambaye ku.

Hanyar tana da tsawo. Daga jarrabawar bak zuwa digiri na uku shekara takwas ne in komai ya tafi daidai, kuma mai yiwuwa sai kun fita waje kafin ku taɓa manyan na'urorin auna siffar sinadari. Ku fita, mutanen Adar ba baƙin tafiya ba ne. Amma in malaminku a can ya tambaye ku a kan me kuke son yin aiki, ku ce masa masassara, ko sanƙarau, ko ciwon raƙuma. Iyaye kuma ina roƙonku, yaron da ya nuna kai a wannan fanni kada a cire shi daga aji don kuɗin mota zuwa bida sun samu. Ku kuwa ƙannena, in an koma makaranta a Oktoba, ku matsa ku zauna a benci na gaba ranar shimi, ku tambayi malam duk abin da ba ku gane ba, ko da 'yan aji za su yi dariya. Allah Ya buɗa muku ƙwaƙwalwa, Ya sa ku amfani jama'arku.